Katin da na saya a bayan Babbar Kasuwa: tafiye-tafiyen Michael Palin da muryar mai fassara

A layin da ke bayan Babbar Kasuwar Maradi, inda masu gyaran salula da masu sayar da caja suka jeru, akwai wani ƙaramin shago da ake tura wa mutane finafinai a waya ko a katin memori. Ba zan ambaci sunan shagon ba, domin abin da zan faɗa ya haɗa yabo da ƙorafi, kuma ba na so ƙorafin ya taɓa cinikin yaron da ke neman abincinsa. Mafi yawan masu zuwa wurin finafinan Indiya masu fassara suke nema, ko shirye-shiryen Kano masu dogon zango, ko wa'azi, ko bidiyon kokowar takobi ta shekarar da ta wuce. Ni kuwa abin da ya kai ni daban ne, kuma shi ya sa nake ganin ya dace in rubuta yadda muka ƙare, ko wani mai buƙata irin tawa zai amfana.

Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, kuma kowace shekara idan muka iso darasin fataucin Sahara sai in ga ɗalibai suna kallona kamar mai ba da tatsuniya. Yaran nan sun san kantun gishiri, suna ganinsa a kasuwar dabbobi, wasu ma a gidajensu ake ajiye wa tumaki shi su lasa, amma ba su taɓa haɗa shi a ransu da garin Bilma, inda ake ɗauko shi, ko da raƙuman da suka ratsa hamadar Tenere da shi ba. Wani abokin aikina mai koyar da Ingilishi ya gaya mini cewa akwai wani Baturen Ingila, Michael Palin, wanda ya bi ayarin gishiri a ƙasarmu aka ɗauke shi a kyamara, kuma tashar BBC ta nuna shirin a shekarar 2002. Da wannan ɗan bayani kawai na shiga shagon.

Mai shagon tsohon ɗalibina ne, abin da ban sani ba sai da ya miƙe daga kujerarsa ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami, ya ce: "Mushe, ku ne da kanku? Da kun aiko yaro ai da na zo gida." Na rubuta masa sunan Baturen a takarda, ya duba kwamfutarsa bai samu ba, ya ce in ba shi mako ɗaya. A nan zan fara yabo, domin ya cika alkawari da ƙarin kwana ɗaya kacal, kuma shi ya kira ni, ban bi shi ba. Ya samo kashi huɗu na shirin, mai suna Sahara, gaba ɗaya, ya haɗa mini da kashi bakwai na wani shirin mutumin da ya zagaya duniya, sannan, ba tare da na roƙa ba, ya kai kashin da ya shafi Nijar wurin wani mai fassara da yake hulɗa da shi aka ɗora masa muryar Hausa. Katin mai giga 32 na saye shi jika huɗu, turin ya karɓi jika ɗaya, fassarar kuma ya ce in ba da jika biyu a kai wa mai ita. Kafin in biya sai da ya buɗe kowane kashi a gabana, ya tsallaka farko da ƙarshe don in tabbatar babu wanda ya yanke. Ya jera su da lamba da suna, ba irin turin da ake yi wa mutum ya koma gida ya tarar kashi na uku ya riga na ɗaya ba. Hoton tsohon ɗauka ne, ba ya da kaifin na yanzu, amma a tele mai matsakaicin girma ana ganin komai sarai.

Kafin in zo ga abin da ya ɓata mini rai, dole in faɗi ko wane ne wannan mutum, domin ƙorafina ba zai fito ba sai an san irin sana'arsa.

An haifi Michael Palin a ranar 5 ga watan Mayu na 1943 a Sheffield, birnin masana'antun ƙarfe da ke arewacin Ingila, kuma mahaifinsa injiniya ne a ɗaya daga cikin kamfanonin ƙarfen. Ya karanta tarihi a Jami'ar Oxford, inda ya haɗu da Terry Jones, wanda ya zama abokin rubutunsa na shekaru masu yawa. A 1969 su biyun suka haɗu da Graham Chapman da John Cleese da Eric Idle da wani Ba'amurke mai zane, Terry Gilliam, suka kafa ƙungiyar barkwanci ta Monty Python, wadda shirinta ya riƙa fita a BBC har zuwa 1974. Wato mutumin da nake shirin nuna wa ɗalibaina a matsayin mai bincike, asalinsa ɗan wasan ban dariya ne, irin wanda zai sa rigar ɗan kasuwa mai ha'inci yau, gobe ya sa ta soja ko ta limamin coci. A 1988 ya fito a fim ɗin A Fish Called Wanda a matsayin wani ɓarawo mai in'ina, rawar da ta sa ya samu kyautar finafinai ta Birtaniya, BAFTA. Wannan in'ina ba daga sama ya ɗauko ta ba, mahaifinsa ya yi fama da ita tsawon rayuwarsa, kuma a 1993 aka buɗe wata cibiya a Landan mai taimaka wa yara masu in'ina, aka sa mata sunan Palin. Ina ganin wannan shi ne mabuɗin fahimtar mutumin. Yaron da ya tashi a gidan da uba ke shan wahala kafin kalma ta fita daga bakinsa, dole ya koyi jira, ya koyi kada ya ƙarasa wa mutum zancensa.

A cikin shekarar 1988 ɗin nan ce BBC ta ɗora shi a kan hanya, ya tashi daga Landan da sharaɗin ya zagaya duniya cikin kwana 80 ba tare da hawa jirgin sama ba, ya kuma dawo cikin kwana 79. An nuna shirin a 1989, kuma shi ne wanda mai shagon ya ƙara mini. Kashin da ya fi kowane armashi a cikinsa shi ne wanda ba a yi komai ba: kwanakin da ya yi a cikin wani jirgin ruwa na katako daga Dubai zuwa Bombay tare da matuƙa Indiyawa talakawa, yana cin abin da suke ci, yana kwana a kan buhunan kaya. Bayan shekara 20 ya koma Indiya ya nemo waɗanda suka rage a cikinsu. Daga nan tafiya ta zama sana'arsa ta biyu, yana rubuta bayanin da kansa, yana kuma fitar da littafi bayan kowace tafiya. A 1992 aka nuna tafiyarsa daga ƙuryar arewacin duniya zuwa ƙuryar kudu ta Rasha da Masar da Sudan da Habasha da Kenya, a 1997 ya zagaye ƙasashen bakin tekun Fasifik, Sahara ta zo a 2002, tsaunukan Himalaya a 2004, Brazil a 2012, Koriya ta Arewa a 2018, Iraƙi a 2022, sannan Najeriya a 2024 yana da shekara 80. Ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Birtaniya daga 2009 zuwa 2012, kuma a 2019 aka ba shi lambar girma ta Sir. Matarsa Helen, wadda ya aura tun 1966, ta rasu a 2023.

Shirin Sahara ya tashi daga Jibraltar, ya bi Maroko da sansanonin ƴan gudun hijirar Yammacin Sahara da Muritaniya da Senegal da Mali, ya shigo Nijar, ya haura Aljeriya da Libiya da Tunisiya. Kashi na uku shi ne namu: Fulani Wodaɓe a hanyarsu ta zuwa Ingal wurin bikin makiyaya na ƙarshen damina wanda ake kira Cure Salée, samarinsu sun yi kwalliya suna rawa suna zare ido suna fito da farin haƙora, sai Agadas, sai duwatsun Abzin, sai ayarin raƙuma da ya nufi Bilma.

Ban kai katin makaranta ba sai da na gwada shi a gida. Bayan sallar isha'i na fito da tele tsakar gida, na aika aka kira kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya haura shekara 80 kuma a ƙuruciyarsa ya yi dillancin kantu da hatsi tsakanin Buzaye da ƴan kasuwar kudu. Yana jin Tamajak, harshen Buzaye, gwargwado, irin na ciniki da gaisuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da tele saboda idonsa, yara suka zauna a baya, matan gida suka leƙo daga bakin ɗaki.

Minti biyar na farko na ji daɗi ƙwarai. Mai fassarar yana da murya mai kauri da Hausa mai daɗin ji, kuma gaskiya ne cewa ba don shi ba da babu wanda zai zauna a tsakar gidan, domin mu nan Faransanci muka karanta, Ingilishin kuwa ni kaina tsintarsa nake yi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai na gane cewa mutumin ya ɗauko salon fassarar finafinan Indiya ne ɗungurungum ya ɗora a kan abin da ba irinsa ba. A fim ɗin Indiya, mai fassara shi ne komai: shi ne jarumi, shi ne budurwa, shi ne mugun, kuma idan aka yi shiru yakan cike wurin da barkwanci don kada mai kallo ya gaji. A nan ma haka ya yi. Ya kashe sautin asali gaba ɗaya, ya sa wani kiɗa na kwamfuta a ƙasa, ya kuma yi magana daga farko har ƙarshe ba numfashi. Idan kyamara ta tsaya a kan yashi, babu mai magana, sai ya shiga ba mu labarin aljanun hamada. Idan raƙumi ya yi kuka, ba ma jin raƙumin, muna jin mai fassara yana kwaikwayonsa yana cewa raƙumin na ƙorafin ba a biya shi kuɗin lodi ba. Yara sun yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Kawu bai yi dariya ba. Da aka zo wurin da ƴan ayari suka sauka suka hura wuta suna dafa shayi, Baturen yana zaune a tsakaninsu suna musayar kalmomi, su koya masa tasu ya koya musu tasa, kowa na tuntsirewa da dariyar yadda ɗan'uwansa ke karya harshe, sai Kawu ya matso har goshinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce: "Kai, ɗana, rage wannan mai surutun in ji abin da madugun ke cewa." Na ce: "Kawu, ba ya raguwa, a haɗe suke." Ya ɗan yi shiru yana kallon leɓen mutumin yana motsi, sannan ya ce shekara kusan 40 rabon da ya zauna a irin wannan zama, ga mutanen a gabansa amma an toshe musu baki. Ya ja da baya ya jingina da bango, bai sake magana ba har aka gama.

Wannan shi ne babban aibin abin da na saya, kuma aibi ne da ya taɓa zuciyar kayan. Abin da ya bambanta Palin da sauran Turawan da suka zo suka ɗauki hotonmu shi ne yadda yake zama ɗalibi a gaban mutane, ya yarda a yi masa dariya, ya yi tambaya ya jira amsa, ya bar shiru ya yi aikinsa. Shekarun da ya yi yana wasan barkwanci sun koya masa cewa lokacin da aka yi shiru yana da nauyi daidai da lokacin da aka yi magana, kuma bai jin kunyar ya zama shi ne wawan wurin, wanda bai iya naɗa rawani ba, bai iya jan raƙumi ba. Mai fassararmu ya mayar da wannan mutum mai sauraro ya zama sarkin surutu. Wanda ya kalli katina ba tare da ya san asalin ba zai ɗauka Baturen wani mai fariya ne da ya zo yana yi wa makiyaya ba'a, alhali kuwa kansa yake yi wa.

Akwai kuma kurakuran da malami ba zai iya kai wa aji ba. Sau biyu ya kira Palin ɗan jaridar Amurka. Ya kira rawar Wodaɓe gasar sarauniyar kyau, ya riƙa yi wa samarin shaguɓe da muryar mata, abin da na tabbata zai ɓata ran duk wani Bafulatani da ya ji, kuma a ajina akwai ƴaƴan Fulani. Ya ce ayarin zai je Bilma ya sayo zinariya, wataƙila saboda labarin haƙar zinariyar Jado da ya cika gari a shekarun baya, alhali gishiri da dabino ake ɗaukowa. Inda Baturen ya faɗi abin da mai fassarar bai gane ba, maimakon ya tsallake sai ya ƙirƙiri nasa. Abokin aikina mai Ingilishi ya zauna da ni daga baya, bayan na samo asalin, muka kwatanta su, ya ce inda mutumin ya tsaya ya fassara da gaske ya yi daidai fiye da yadda ya zata, wato ba rashin iyawa ne ya kawo matsalar ba, sabo ne da kuma tsoron kada masu kallo su ce fassarar ba ta da gishiri.

Shi kansa shirin ba zan wanke shi tas ba. Idon kyamarar ya fi karkata ga arewa, ga rawani da raƙumi da tudun yashi, irin abin da Bature ke so ya gani. Amma duk wanda ya tashi a Maradi ko Damagaram ya san cewa ayarin gishiri tafiya ce mai kusurwa uku: a tashi daga Abzin da hatsi, a ratsa Tenere ta Fashi zuwa Bilma a ɗauko kantu da dabino, a dawo, sannan a gangaro kudu ƙasar Hausa, wani lokaci har Kano, a sayar da gishirin a sayi gero. Ba don geron manomanmu ba da babu abin da za a kai Bilma a yi musaya da shi. Wannan rabin labarin, wanda shi ne rabin Kawu, malami ne zai cike shi da bakinsa. Haka kuma dole a tuna wa ɗalibai cewa hoton ya haura shekara 20. Agadas ɗin da za su gani ta lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido ke cika ta ce, kafin tawayen Buzaye na 2007 ya kore su, kafin kuma hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihin duniya a 2013. Motoci sun karɓe kaso mai yawa na lodin da raƙuma ke yi. Ta wannan fuska katin ya zama takardar tarihi, kuma darajarsa a wurina ta ƙaru.

Wani zai ce, ina batun haƙƙin masu shirin? Tambaya ce mai kyau, kuma duk layin nan na bayan kasuwa a kan wannan ramin yake zaune. Da akwai inda zan je a Maradi in biya kuɗi in samu shirin ta hanyar da masu shi suka yarda, da can na nufa.

Bayan kwana biyu na koma shagon da katin. A nan ne yaron ya sake samun maki a wurina, domin bai yi gardama ba, bai kuma ce ai haka kowa ke so ba, ko da yake na san haka ne. Na ba shi labarin Kawu, ya sunkuyar da kai ya ce: "Mushe, wallahi ban kalla ba kafin in ba ku, farko da ƙarshe kawai na duba." Nan take ya tura mini kashi na uku na asali, mai sautinsa, bai karɓi ko dala ba, ya ajiye shi kusa da mai fassarar ya sa wa kowane suna. Ya kuma kira mai fassarar a gabana ya gaya masa abin da na roƙa: a bar sautin asali a ƙasa, a yi magana lokacin da Baturen ke magana kawai, idan Buzu ko Bafulatani ya buɗe baki a saurara masa sannan a fassara, a cire kiɗan, a kuma bar raƙumi ya yi kukansa. Na ji mutumin ta cikin waya yana cewa irin wannan aikin ya fi wuya kuma ba ya da kasuwa, zai yi amma sai an ƙara jika ɗaya, kuma sai bayan ya gama wani fim ɗin Indiya mai kashi 12 da ke hannunsa. Na yarda. Yau mako uku ke nan, aikin bai fito ba, mai shagon ya kira ni sau biyu yana ba da haƙuri.

Ga wanda ke neman wani abu da ba a saba nema ba, shirin tarihi ko na dabbobi ko na ƙasashe, ina ba da shawarar wannan layin da irin wannan shago ba tare da shakka ba: suna nemowa, suna cika alkawari gwargwado, farashinsu bai fi ƙarfin malamin makaranta ba. Sai dai ka faɗa tun farko cewa kana son na asali a haɗa maka da mai fassara, ka kuma zauna ka saurari minti goma daga tsakiyar fassarar kafin ka biya kuɗinta, kada ka tsaya a kan farkon da ake nuna maka.

Darasin ajina bai jira mai fassara ba. Na kai na asalin, abokina mai Ingilishi ya tsaya gefen allo yana fassara abin da ya kamata, yana yin shiru inda ya kamata, ni kuma na ajiye guntun kantu a kan tebur wanda na sayo dala ɗari a kasuwa. A daren ranar na sake fito da tele tsakar gida na sa wa Kawu wurin shan shayin. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara wa Baturen lafazin wata kalma da babbar murya kamar yana jinsa, sannan ya ce in mayar baya ya sake jin gaisuwar.